Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Duba Makarantun Coci a Ingila

A Ingila akwai makarantun gwamnati sama da 4,600 da ke ƙarƙashin Cocin Ingila, wato cocin Angilikan na ƙasar, yara kusan miliyan ɗaya ke karatu a cikinsu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na makarantun firamare na ƙasar na wannan cocin ne. Kyauta ake karatu, gwamnati ke biyan albashin malamai, amma kowace makaranta an kafa ta ne bisa alkawarin cewa za ta tafi da tarbiyyar Kirista. Akwai masu zuwa su duba ko ana cika wannan alkawari. Ga tambayoyin da iyaye da malamai da 'yan hukumar makaranta suka fi yi game da wannan dubawa.

Wace irin dubawa ce wannan, kuma wa ya ba da izininta?

Sunanta a gajarce SIAMS, wato dubawar da doka ta wajabta wa makarantun Angilikan da na Metodis. Tushenta Sashe na 48 na Dokar Ilimi ta shekarar 2005, shi ya sa za ku ji malamai suna ce mata "dubawar Sashe na 48". Dokar ta ce duk makarantar gwamnati da aka yi wa rajista da sunan wani addini, dole a riƙa duba abu biyu a cikinta: ilimin addinin da take koyarwa bisa aƙidar waɗanda suka kafa ta, da kuma abin da ake yi a taron sujada na kowace rana. Makarantun da suka koma tsarin akadami, wato waɗanda suka fita daga hannun ƙaramar hukuma suna karɓar kuɗi kai tsaye daga gwamnati, su ma ba su fita daga wannan dubawa ba, domin an rubuta wannan sharaɗi a cikin yarjejeniyar kuɗin da suka ƙulla da gwamnati.

A dā kowace dayosis, wato yankin coci da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, ita ce ke shirya dubawar makarantun yankinta. Daga shekarar 2021 aka mayar da aikin hannun ofishin ilimi na Cocin Ingila na ƙasa baki ɗaya, shi ke horar da sufetoci, ya tsara jadawali, ya tantance rahotanni kafin su fita.

Ba Ofsted ke duba makarantu ba? Me ya kawo sufeto biyu?

Ofsted, wadda aka kafa a 1992, ita ke duba ingancin karatu, halayyar ɗalibai, shugabanci da kāre lafiyar yara a duk makarantun gwamnati, har da na coci. Amma doka ba ta ɗora mata yin hukunci a kan aƙida ko abin da ake faɗa a wajen sujada ba. Hukumar gwamnati ba ta da hurumin cewa an yi addu'a daidai ko ba a yi ba. Wannan giɓin ne Sashe na 48 ya cike. Don haka makarantar coci tana da rahoto biyu, kowanne da ranarsa da sufetonsa, kuma yana yiwuwa ɗaya ya yaba ɗaya ya nuna gyara.

Sufeton SIAMS ba ya zuwa don binciken takardun kāre yara, amma idan ya ga abin da ke iya cutar da yaro ba zai yi shiru ba, zai kai maganar inda ya kamata nan take.

Yaya aka yi gwamnati ta zo tana biyan kuɗin makarantun coci?

Coci ta riga gwamnati buɗe wa 'ya'yan talakawa makaranta. A 1811 aka kafa ƙungiyar National Society, wadda Joshua Watson yana cikin jagororinta, da niyyar a samu makaranta a kowace gundumar coci. Sai a 1870 gwamnati ta fara gina nata makarantun don cike inda babu. Dokar Ilimi ta 1944 ce ta haɗa su cikin tsari ɗaya, ta raba makarantun coci gida biyu, kuma wannan rabon har yau shi ke tantance tambayoyin da sufeto zai yi.

Kashi na farko ana gajarta shi VA, wato makarantar sa-kai da gwamnati ke tallafa wa. A nan hukumar makaranta ce ke ɗaukar ma'aikata, ita ke tsara ƙa'idar shigar da yara, ita ke zaɓar manhajar addini, kuma ita ke nemo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin manyan gine-gine. Wakilan coci su ne masu rinjaye a hukumar. Kashi na biyu VC, wato makarantar sa-kai da ƙaramar hukuma ke iko da ita. A nan ƙaramar hukuma ce ke ɗaukar ma'aikata da shigar da yara, wakilan coci tsiraru ne, kuma darasin addini yana bin manhajar da yankin ya amince da ita, wadda ba ta wata ɗariƙa ba ce. Sujada kuwa a duka biyun ta Kirista ce.

Kowace makaranta tana da takardar amanar da aka kafa ta da ita, wasu tun ƙarni na 19. Ta yi kama da takardar wakafi: wani ya ba da fili ko gini da sharaɗin abin da za a yi da shi, kuma sharaɗin bai mutu don mai bayarwar ya mutu ba. Abin mamaki, ba kowane ɗan hukumar makaranta ne ya taɓa karanta tasu ba, alhali daga nan komai ya taso.

Me sufeto yake nema idan ya zo?

Tsarin da ake aiki da shi ya fara a watan Satumba 2023. Kafin komai sufeto yana son ya san abu biyu: su wane ne mutanen wannan makaranta, kuma me suka ce suna yi a wannan wuri. Daga nan sai tambayoyin dubawa. Ta farko, yadda manufar makarantar mai tushe a tauhidin Kirista ke sa yara da manya su bunƙasa. Ta biyu, yadda manufar ke bayyana a manhaja. Ta uku sujadar kullum ce. Ta huɗu, ko ana mu'amala da yara da ma'aikata da mutunci. Ta biyar, ko an raya ɗabi'ar adalci da ɗaukar nauyin juna. Ta shida, ko manhajar ilimin addini tana aiki. Akwai ta bakwai a kan ingancin koyar da darasin addinin kansa, amma wannan ta makarantun VA ce da waɗanda asalinsu VA ne, da kuma tsofaffin VC da ke koyar da addini bisa aƙidar coci.

Idan kun lura, biyar na farko duk manufa suke zagayawa. Wanda ya gane wannan ya gane dubawar.

Me ake nufi da "manufa mai tushe a tauhidi"? Ba saka aya a bango ba ne?

Nan ne makarantu da yawa ke tuntuɓe, don haka za mu ɗan tsaya.

A 2016 Cocin Ingila ta fitar da manufarta ta ilimi, ta jingina ta da Yohanna 10:10, inda Yesu ya ce ya zo domin mutane su sami rai, su same shi a yalwace. Ta kafa ta a kan hikima, bege, zaman tare da mutunci. Amma ba a so kowace makaranta ta kwafe wannan ta manna. Ana so ta dubi unguwarta ta ce: ga halin yaranmu, ga abin da koyarwar Kirista ta ce game da wannan halin, ga abin da za mu yi saboda haka. Makarantar da ke ƙauyen manoma mai yara sittin da wadda ke tsakiyar Birmingham mai yara masu harsuna ashirin ba za su ba da amsa ɗaya ba.

Ga yadda sufeto ke gwada ta. A ce makaranta ta ɗauki misalin Basamariye mai kirki na Luka sura 10, wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da aka raunata aka bari kwance a hanya, a matsayin tushenta. Sufeto ba zai tsaya ga hoton da aka zana a zauren shiga ba. Zai tambayi shugabar makaranta: a bara da kuɗi suka yi ƙaranci, me kuka yanke, me kuka bari, kuma me ya sa? Idan ta ce sun ƙi sallamar matar da ke kula da yaran da ke fama da damuwa, sun haƙura da sabunta kwamfutoci, domin ba za su ratse su bar wanda ke kwance a hanya ba, to manufar tana da rai. Zai duba yaran da aka kora na ɗan lokaci, ya ga yadda aka karɓe su da suka dawo. Zai tambayi mai dafa abincin rana ko mai shara ko ana sa su cikin lissafi. Zai tambayi yarinya 'yar aji huɗu abin da ke faruwa idan wani ya zauna shi kaɗai a filin wasa.

Kurakuran da aka fi gani uku ne. Na farko, a rubuta manufa ta gama-gari, irin "kowane yaro zai kai ga burinsa", sannan a nemo aya a liƙa mata daga baya. Ana gane wannan da wuri, domin in an tambayi alaƙar ayar da manufar sai kowa ya yi shiru. Na biyu, a tara jerin kyawawan ɗabi'u goma sha biyu, gaskiya, haƙuri, juriya da sauransu, a ɗauka su ne manufar. Ɗabi'u 'ya'yan manufa ne, ba su ne ita ba. Na uku, manufar ta zauna a kan shugaba shi kaɗai. In ya tafi wata makaranta, ta tafi tare da shi. A ganinmu na ukun ya fi haɗari, domin ba ya bayyana sai ranar da aka yi canjin shugabanci.

Yaya ranar dubawar take kasancewa?

Ana wallafa sunayen makarantun da ake sa ran dubawa a shekarar karatu, amma ba a faɗin rana. Sanarwar ainihi tana zuwa kwanakin aiki biyar kafin zuwan sufeto. Daga nan sufeto zai kira shugaban makaranta su yi doguwar hira, ya karɓi taƙaitaccen bayanin da makarantar ta rubuta game da kanta, ya karanta shafinta na intanet da rahoton dubawar da ta gabata. Da waɗannan zai tsara abubuwan da yake son ya bi diddiginsu, ya aika wa makarantar kafin ya zo, su daidaita jadawalin ranar tare.

Yawanci sufeto ɗaya ne, yini ɗaya. Zai halarci sujada. Zai zauna da rukunin yara, da malamai, da mai kula da darasin addini, da 'yan hukumar makaranta, da limamin cocin yankin, da wasu iyaye, ya kuma ji ta bakin wakilin dayosis. Zai buɗe littattafan yara, ya zaga lokacin hutu. A cikin yinin yana komawa wurin shugaban makaranta ya gaya masa abin da yake gani, domin in akwai hujjar da bai gani ba a kawo ta tun da sauran lokaci. Da yamma zai bayyana sakamakonsa ga shugabanni, amma sirri ne har sai an tantance rahoton. Makaranta tana samun daftarin don ta gyara kuskuren suna, adadi ko wani bayani na zahiri, ba don ta canza hukunci ba.

Shawararmu ga malamai: kada a kwana ana haɗa manyan fayiloli. Ba a buƙatarsu. Kada kuma a koya wa yara amsa. Yaron da aka haddasar wa jimla, tambaya ta biyu ce ke tona shi.

Me ake dubawa a taron sujada?

Doka ta ce a yi ta kowace rana ga kowane ɗalibi. Ba dole ne a tara makaranta duka a zaure ɗaya ba, ana iya yi aji-aji ko rukuni-rukuni, amma kada rana ta wuce babu. Makarantun sakandare ne suka fi faɗawa wannan matsala, saboda zaure ba ya ɗaukar kowa, sai a bar sauran kwanakin ga malamin aji, shi kuma ya cinye lokacin da kiran suna da sanarwa.

Jagorar da coci ta fitar a 2021 ta ce sujada ta kasance mai buɗe wa kowa ƙofa, mai gayyata ba tilastawa ba, mai kuma taɓa zuciya. A aikace, mai jagora zai ce wa yara wanda yake so ya mai da wannan addu'a tasa ya ce amin, wanda ba ya so ya yi shiru ya yi tunani. A makarantun Angilikan za ku ga an kunna kyandir, a wasu guda uku don tuna Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, an shimfiɗa ƙyalle a tebur mai launin lokacin shekarar coci: shunayya kafin Kirsimeti da lokacin azumin Lent, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos, kore a sauran makonni. Ana karanta Littafi Mai Tsarki, a rera waƙa, a yi Addu'ar Ubangiji. Makarantun Metodis kuwa suna jawo abin da suka gāda daga John Wesley.

Waɗannan alamun kaɗai ba sa gamsar da sufeto. Tambayarsa ita ce: me wannan taron ya canza? Taron rabon kyaututtuka na ranar Juma'a da aka ƙara wa addu'ar minti ɗaya a ƙarshe bai zama sujada ba. Haka kuma idan malamai suna amfani da lokacin don gyaran littattafai a ofis, manya ba sa samun komai, alhali tambayar ta haɗa da su.

Darasin addini fa? Kiristanci kaɗai ake koyarwa?

A'a. Takardar da coci ta sabunta a 2019 game da haƙƙin ɗalibi a wannan darasi ta ce Kiristanci ya ɗauki aƙalla rabin lokacin, sauran kuma a koyi wasu addinai da ra'ayoyin waɗanda ba su da addini. Ta ce a ba darasin kusan kashi 10 cikin ɗari na lokacin karatu, kada dai ya gaza kashi 5. A firamare kashi 5 ya kai kamar awa ɗaya a mako. Darasi ne na ilimi kamar tarihi, ba wa'azi ba, kuma ba a ƙirga lokacin sujada a cikinsa.

Abin da ke lalacewa sananne ne. Ana matse darasin a yammacin ranar da malamin aji ba ya nan, a bar wa wanda ba a horar ba. Ana maimaita labarin haihuwar Yesu duk Disamba tun daga aji ɗaya har aji shida ba tare da zurfafawa ba. Ana koyar da Musulunci ko addinin Hindu kamar duk mabiyansa abu ɗaya suke yi. Kuma ana nuna Kiristanci kamar addinin Turawa ne, yara su gama firamare ba su san cewa Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan 'yan Angilikan a duniya ba. Sufetoci suna nema su ga an koyar da Kiristanci a matsayin addinin da ya yaɗu a duniya da fuskoki dabam-dabam.

Mu Musulmi ne, yaranmu suna makarantar coci. Dubawar tana auna ko sun karɓi Kiristanci?

Ba ta auna wannan, kuma makarantar da ke matsa wa yaro ya bar addinin gidansu ta saɓa wa abin da tsarin yake nema. A garuruwa irin su Bradford, Blackburn, Birmingham da gabashin Landan akwai makarantun Cocin Ingila da mafi yawan ɗalibansu Musulmi ne. A irin wannan makaranta sufeto zai so ya ji daga bakin yaran ko ana girmama su: ko an yi la'akari da masu azumi a watan Ramadan, ko ana samun wurin salla, ko yaro zai iya cewa "mu ba haka muka yarda ba" a cikin aji ba tare da fargaba ba.

Amma a faɗi gaskiya, makarantar ta coci ce. Za a ambaci Yesu a matsayin da Kiristoci suka ba shi, za a kai yara coci a manyan bukukuwa. Doka ta ba iyaye dama su janye ɗansu daga sujada ko darasin addini, gaba ɗaya ko wani sashe, ba sai sun ba da dalili ba. Wannan yana cikin Sashe na 71 na dokar makarantu ta 1998. Kafin ku rubuta takardar janyewa, muna ba ku shawara ku nemi izinin halartar taron sau ɗaya ku gani da idonku, ku kuma tambayi abin da yaron zai riƙa yi a wannan lokacin, domin makaranta kula da shi kawai ya wajaba a kanta, ba wani darasi na dabam ba.

Me ake nufi da adalci a tambaya ta biyar? Tara kuɗin sadaka ne?

Tara kuɗi yana da kyau, amma bai wadatar ba. Idan malama ce ta zaɓi ƙungiyar, yara suka kawo fam ɗaya-ɗaya suka sa kayan gida maimakon na makaranta, ba su san inda kuɗin ya tafi ba, sufeto ba zai ga komai a nan ba. Abin da ake nema shi ne yara su ga abin da ba daidai ba, su fahimci dalilinsa, su yi wani abu gwargwadon ƙarfinsu, kamar su rubuta wa kansilan unguwa a kan hanyar da ke da haɗari ga masu keken guragu. Mika 6:8 na cikin ayoyin da makarantu ke yawan jingina da su a nan.

Ana ba da maki?

An daina. Tsarin 2018 yana da matakai huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda ya gaza. Tsarin Satumba 2023 ya mayar da sakamakon iri biyu. Na ɗaya ya ce makarantar tana cika amanar kafuwarta a matsayin makarantar coci, tana kuma sa yara da manya su bunƙasa. Na biyu ya ce tana da ƙarfi a wasu fannoni, amma akwai matsalolin da dole shugabanni su sa a gaba. A kowane hali rahoton yana lissafa inda aka yi ƙoƙari da inda ake buƙatar gyara. Muna ganin wannan canji ya yi amfani, domin ya rage tseren neman kalma ɗaya da za a buga a ƙyalle a rataya a ƙofar makaranta.

Sau nawa ake zuwa?

Kusan duk shekara biyar. Annobar korona ta dakatar da dubawa a 2020, wannan ya sa tazarar wasu makarantu ta zarce haka.

Ina rawar hukumar makaranta?

Babba ce, musamman wakilan coci a cikinta. Sufeto zai tambaye su: ta yaya kuka san manufar tana aiki? "Shugaba ya gaya mana" ba amsa ba ce. Ana so a ga sun shiga sujada, sun yi hira da yara, sun rubuta abin da suka gani, kuma wani abu ya canza saboda haka. Idan makarantar tana cikin rukunin akadami, za a tambayi shugabannin rukunin ko manufarsu ta dace da ta makarantar, ko kuwa sun shafe ta da tsari ɗaya da suka shimfiɗa wa duk makarantunsu.

Makarantun wasu addinai fa?

Sashe na 48 ya shafe su duka, sai dai kowane addini da masu dubansa. Makarantun Katolika suna da hukumar dubawarsu, na Yahudawa suna da Pikuach, makarantun Musulmi na gwamnati su ma ana duba su ƙarƙashin wannan sashe. A yankin Wales, Sashe na 50 ne ke aiki.

A ina iyaye za su sami rahoton, kuma me za su fi dubawa?

Dole ne makaranta ta isar da rahoton ga iyaye, kuma yawanci yana shafinta na intanet kusa da na Ofsted. In ba ku gan shi ba, ku tambaya a ofishin makaranta. Ku fara duba ranar da aka yi dubawar da sunan shugaban da ke kai a lokacin, domin rahoton shekara huɗu da aka rubuta a zamanin wani shugaba ba lallai ya nuna halin yau ba. Sannan ku karanta sashen abubuwan da ake buƙatar gyarawa, ku tambayi shugaban makaranta ko wani ɗan hukuma abin da aka yi a kan kowanne tun daga lokacin.